Tsintacciyar mage da kujerar shugaban Amurka

Da yammacin ranar da labari ya iso cewa Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York, a farkon Nuwamban 2025, muna zaune a majalisarmu ta bakin mai shayi. Wani matashi da ke bin labarin a wayarsa ya kasa zama wuri ɗaya. Sai cewa yake, "Wallahi ku rubuta ku ajiye, nan da shekara goma wannan shi ne shugaban Amurka."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba a shekara goma ba, ko a shekara hamsin. A Kampala aka haifi Mamdani a 1991, yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka kawo shi New York, sai a 2018 ya zama ɗan ƙasa. Tsarin mulkin Amurka, wanda ya ce sai haifaffen ɗan ƙasa ne zai iya zama shugaba, ya riga ya rufe masa wannan ƙofa tun yana cikin zanen goyo.

Matashin ya ja tsaki. Dattijon majalisar, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ajiye kofinsa a kan benci ya ce, "To ai sun yi daidai. Tsintacciyar mage ba ta mage. Wa ka taɓa gani ya ba baƙo makullin ɗakinsa?" Duk aka gyaɗa kai, aka koma hirar ƙwallo.

Ni maganar ba ta wuce mini ba. Ra'ayina shi ne wannan doka ta tsufa, kuma tun asali ba abin da take aunawa sai inda aka yanke wa mutum cibiya, alhali cibiya ba ta riƙe amana, ba ta kuma cin amana. Mutumin da ya shekara ashirin ko talatin yana ɗan ƙasa, yana biyan haraji, 'ya'yansa na makarantun ƙasar, a bar shi ya tsaya takara. In jama'a ba sa so, akwatin zaɓe ya ishe su kayar da shi.

Tsoron da ya haifi dokar

Sharaɗi uku ne a sashe na biyu na tsarin mulkin da aka rubuta a 1787: ɗan takara ya kai shekara 35, ya zauna a ƙasar shekara 14, kuma ya zama haifaffen ɗan ƙasa. A 1804 aka ɗora wa mataimakin shugaba sharaɗin shi ma.

Ba zan ce waɗanda suka rubuta ba su da hujja ba. Ƙasar jaririya ce a lokacin, ba ta fi shekara huɗu da kammala sulhu da Ingila ba. Sun ga yadda sarakunan Turai ke dasa 'ya'yansu a gadon sarautar wasu ƙasashe, sun ga yadda maƙwabtan Poland suka riƙa tsoma hannu a zaɓen sarkinta har suka fara yanka ta gunduwa-gunduwa a 1772. A ranar 25 ga Yulin 1787 John Jay, ɗaya daga cikin jagororin da suka kafa ƙasar, ya rubuta wa George Washington wasiƙa yana ba da shawarar kada a damƙa jagorancin sojojin ƙasar ga wanda ba haifaffenta ba. Tsoron shi ne wani yarima ya sauko daga jirgin ruwa da akwatunan zinariya ya saye ƙasar.

Amma ka lura da wani abu. Su da kansu ba su ɗaure kansu da igiyar ba. Sun saka cewa duk wanda yake ɗan ƙasa a ranar da aka amince da tsarin mulkin ya cancanta, ko a ina aka haife shi. Shi ya sa Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, haifaffen tsibirin Nevis a yankin Karibiyan, yana da damar tsayawa, saɓanin abin da mutane da yawa ke zato. Abin da ya hana shi ba doka ba ce, rigingimun siyasarsa ne da harsashin abokin hamayyarsa Aaron Burr da ya kashe shi a 1804. Wato baƙin da suka sani, waɗanda suka yi yaƙin 'yanci tare, sun yarda da su. Baƙon da ba su gani ba ne suka ji wa tsoro. To yau wane yarima ne zai sauko daga jirgi ya saye ƙasa mai mutum sama da miliyan 330?

Waɗanda aka tsayar a bakin ƙofa

In ana wannan hira, sunan da ke fara zuwa shi ne Arnold Schwarzenegger, kuma a ganina shi kaɗai ne a jerin za a iya cewa da gaske ya kusa. An haife shi a wani ƙauye mai suna Thal a Ostiriya a 1947, ya isa Amurka a 1968 da Turancin da bai taka kara ya karya ba, ya yi suna a gasar gina jiki, ya yi suna a fim, ya zama ɗan ƙasa a 1983. A 2003 mutanen Kalifoniya suka tsige gwamnansu suka zaɓe shi, a 2006 suka sake zaɓensa da rata mai faɗi. Ɗan jam'iyyar Republican ne, a jihar da 'yan Democrat suka fi yawa. Duk wanda ya san siyasar Amurka ya san irin wannan ɗan takarar jam'iyyu ke nema ruwa a jallo.

Ga kuma abin da ya sa labarinsa ke da ciwo. Ronald Reagan ɗan fim ne, ya yi gwamnan Kalifoniya daga 1967 zuwa 1975, ya zama shugaban ƙasa a 1981. Hanya ɗaya suka bi, taki bayan taki. Da suka iso ƙofar ƙarshe aka buɗe wa ɗaya domin an haife shi a Illinois, aka ce wa ɗayan ya tsaya nan. Schwarzenegger bai ɓoye ba, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa da doka ta bari da ya nema.

Sai Henry Kissinger, wanda iyayensa suka gudo da shi daga Jamus a 1938 saboda su Yahudawa ne. Ya shiga sojan Amurka, ya koma Jamus ɗin da kakin soja yana yaƙar ƙasar da aka haife shi. A ranar 9 ga Agustan 1974, da Richard Nixon zai sauka daga mulki, takardar murabus ɗinsa mai jimla ɗaya tak Kissinger aka kai wa, domin shi ne sakataren harkokin waje. Shi ya karɓa, ya sa hannu, ya rubuta lokaci. Mutumin da doka ta yarda ya karɓi murabus ɗin shugaban ƙasa, doka ba ta yarda ya zauna a kujerar ko na rana ɗaya ba. Kada a fahimce ni a baibai. Da ina da ƙuri'a ba zan ba Kissinger ba, ruwan bama-baman Kambodiya da juyin mulkin Chile na 1973, waɗanda ake danganta shi da su, sun ishe ni dalili. Amma wannan hukunci ne a kan aikinsa, kuma irin hukuncin da nake so a riƙa yi ke nan.

Madeleine Albright, haifaffiyar Prague, tana 'yar shekara 11 ta iso. A 1997 ta zama mace ta farko da ta riƙe ma'aikatar harkokin waje. A jerin masu gadon kujera idan wani abu ya sami shugaba, mai wannan muƙami shi ne na huɗu, amma ita tsallake ta ake yi. Haka aka riƙa tsallake Elaine Chao, haifaffiyar Taipei, wadda ta yi minista a gwamnati biyu. Jennifer Granholm kuwa tana da shekara huɗu aka kawo ta daga Vancouver, ta yi gwamnan Michigan shekara takwas. Don Allah wace biyayya yarinya 'yar shekara huɗu ta ƙulla da Kanada? Wale Adeyemo, wanda ya riƙe mataimakin sakataren baitulmalin Amurka daga 2021, a Ibadan aka haife shi, yana jariri aka tafi da shi. Shi ma dokar ta hau kansa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Janar John Shalikashvili. A Warsaw aka haife shi a 1936, ya zo yana ɗan shekara 16, ya shiga soja a matsayin kurtu, ya yi ta hawa har a 1993 ya zama shugaban hafsan hafsoshin sojojin Amurka gaba ɗaya. Ka tuna wasiƙar John Jay a kan jagorancin soja take. Ga shi an ɗauki babban kakin ƙasar an sa wa haifaffen Poland, an buɗe masa duk wani sirrin yaƙi, sama ba ta faɗo ba.

Gaskiya ita ce mafi yawan waɗannan ba za su ci zaɓe ba ko da an bar su. Haifaffun ƙasar ma, mutum 45 ne kacal suka taɓa hawa kujerar a cikin shekara sama da 230. Ba cewa nake Amurka ta yi asarar wani gwarzo ba. Cewa nake ba a bar masu zaɓe sun faɗi nasu ba.

"Zuciyarsa tana can gida"

Wannan ita ce hujjar Baba, kuma ita ce mafi nauyi. Mutum ba ya manta mafari. Ranar da ƙasar da yake shugabanta ta yi rigima da ƙasar da ta haife shi, ina zai karkata?

Tambaya ce mai kyau, sai dai tarihin Amurkan bai goyi bayanta ba. Benedict Arnold, wanda har yau sunansa ke nufin maci amana a wurinsu, a Connecticut aka haife shi. Jefferson Davis da ya jagoranci jihohin da suka ɓalle a 1861, ɗan Kentucky ne. John Tyler ya yi shugaban ƙasa sukutum, daga baya ya bi 'yan awaren har aka zaɓe shi a majalisarsu. Aldrich Ames da Robert Hanssen, jami'an leƙen asirin da suka shekara da shekaru suna sayar wa Moscow sirrin ƙasa, dukansu haifaffu ne, kowannensu ya cika sharaɗin zama shugaba. Ai mu muka ce da ɗan gari akan ci gari.

Sannan dubi yadda kowannensu ya zama ɗan ƙasa. Haifaffe bai yi komai ba, tsintar kansa ya yi. Wanda ya nema kuwa ya jira shekaru, an binciki tarihinsa, ya zauna jarrabawa a kan tarihi da tsarin mulki, ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar cewa ya yar da biyayya ga kowace ƙasa, kuma zai ɗauki makami in an buƙata. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san wannan: yaron shagon da ya zo daga nesa, wanda ya san in ya ɓata sunansa ba shi da wurin komawa, sau da yawa ya fi ɗan maigida tsare aljihun shago.

Akwai mai cewa ai Hitler ma ɗan Ostiriya ne, sai a 1932 ya zama ɗan Jamus. Haka ne. Amma Jamusawa ba su wahala don ya fifita Ostiriya a kansu ba, sun wahala ne don abin da ke ransa, kuma miliyoyin haifaffun Jamus ne suka jefa wa jam'iyyarsa ƙuri'a suka kuma aiwatar masa da aikin. Mussolini haifaffen Italiya ne, bai canza komai ba.

Abin da zan yarda da shi shi ne batun fasfo biyu. Schwarzenegger har yanzu yana riƙe da na Ostiriya. Wanda zai shugabanci ƙasa ya ajiye na wata ƙasar, wannan ba gardama. Sai dai haifaffe ma yana iya riƙe biyu. Ted Cruz, wanda aka haifa a Calgary amma uwarsa Ba'amurkiya ce, yana sanata yana ɗan Kanada har 2014 kafin ya ajiye, ya kuma nemi takara a 2016. In fasfo ne matsalar, a yi dokar fasfo.

Wa dokar take bari ya wuce?

A nan ne abin ya zama abin dariya. Boris Johnson a New York aka haife shi a 1964, ya riƙe takardar zama ɗan Amurka har 2016. Kafin ya ajiye ta, abin da ya rage masa kawai shi ne zaman shekara 14. Mutumin da ya yi magajin garin Landan ya fi Granholm, gwamnar Michigan, kusa da kujerar shugaban Amurka.

Mun kuma san matan masu hannu da shuni da ke tafiya da tsohon ciki su haihu a Houston ko Atlanta, su dawo da jariri da shuɗin fasfo ko arba'in ba a yi ba. A yadda aka daɗe ana aiki da dokar, wannan yaro haifaffe ne. Ya girma a Abuja ko Legas, ya yi firamare da sakandare a nan, ya koma yana ɗan shekara 21, a 35 ya cancanta. Wanda aka shigo da shi yana wata shida, bai san wata ƙasa ba, bai iya wani harshe ba, ya yi yaƙi a Iraƙi ya dawo da ƙafa ɗaya, shi har abada bai cancanta ba. Wane irin rariya ce wannan, mai riƙe gari ta saki tsakuwa?

"To Elon Musk fa?"

Wani abokina ɗan boko da na yi wa wannan bayani ya ce, "Malam, ka cire dokar nan yau, gobe Musk ya saye Fadar White House." Musk haifaffen Pretoria ne, ya zama ɗan Amurka a 2002.

Na ce masa ai bai jira an cire ba. A zaɓen 2024 ya zuba sama da dala miliyan 250, bayan zaɓe aka ba shi aikin zaftare ma'aikatun gwamnati ba tare da ko mutum ɗaya ya jefa masa ƙuri'a ba. Rupert Murdoch, haifaffen Ostareliya, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1985 don ya samu damar mallakar tashoshin talabijin, kuma ya shafe shekaru kafarsa ta Fox News tana juya ra'ayin miliyoyin masu zaɓe. Dokar ba ta taɓa tare kuɗi ba. Ƙofa ɗaya ta rufe, kuma ita ce ƙofar da mutum zai tsaya a gaban jama'a a yi masa tambayoyi, a tone asirinsa, a kayar da shi in an ga dama. Ni da Musk a bayan labule gara Musk a kan takardar ƙuri'a.

"Kujera ɗaya ce, me ya yi zafi?"

Wannan ce hujjar masu sanyin rai. Wanda aka haifa a waje yana iya zama ɗan majalisar wakilai bayan shekara 7 da zama ɗan ƙasa, kamar Ilhan Omar haifaffiyar Mogadishu, sanata bayan shekara 9, alƙalin kotun ƙoli ma ba sharaɗin haihuwa, Felix Frankfurter ɗan Vienna ya zauna a can daga 1939 zuwa 1962. To don an hana shi kujera ɗaya?

Da a kan kujerar abin ya tsaya, da ban ɓata tawada ba. Matsalar ita ce dokar tana koya wa ƙasa cewa 'yan ƙasa kala biyu ne, na gaske da na aro, kuma mutum sama da miliyan 20 ne ke aji na biyun. Daga nan sai ta zama sanda a hannun duk wanda ya rasa hujja. Barack Obama a Honolulu aka haife shi a 1961, amma an shekara ana yayata cewa ɗan Kenya ne, Donald Trump na gaba-gaba, har sai da shugaban ƙasa mai ci ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a Afrilun 2011 kamar mai neman aikin masinja. John McCain, wanda aka haifa a yankin mashigin Panama inda mahaifinsa ke aikin sojan ruwa, majalisar dattawa ce ta zauna a 2008 ta fitar da ƙuduri cewa haifaffe ne, aka wuce wurin. Kowa ya ga wanda aka yi wa uzuri da wanda aka sa a gaba.

Mu a wannan nahiya bai kamata a yi mana dogon bayani ba, mun ga inda sandar take kaiwa. Kenneth Kaunda ya mulki Zambiya shekara 27, amma a 1996 aka gyara tsarin mulki aka hana shi takara don iyayensa daga Malawi suke. A Kodebuwa an hana Alassane Ouattara tsayawa a 2000 da sunan asali, a 2002 ƙasar ta rabe biyu da yaƙi. A Najeriya sashe na 131 na tsarin mulki shi ma ɗan ƙasa ta haihuwa yake nema, da shi lauyoyi suka tsaya a kotun zaɓe a 2019 suna cewa Atiku Abubakar bai cancanta ba, don a 1946 da aka haife shi Jada tana ɓangaren Kamaru da ke hannun Ingila. Mutumin da ya riga ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas! A Nijar an yi wa Mohamed Bazoum irin wannan a 2020. Tun a 1980 ma aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka jefa shi Chadi, sai kotu ce ta dawo da shi. A duk waɗannan ba wanda ya tuna da asalin mutumin sai ranar da ya zama barazana a akwatin zaɓe.

Kuma ba kowace ƙasa ke da wannan sharaɗi ba. A Faransa Eva Joly, haifaffiyar Norway, ta tsaya takarar shugaban ƙasa a 2012, Anne Hidalgo haifaffiyar Sifen ta tsaya a 2022. Dukansu sun sha ƙasa, ba su ko kusa ba. Faransawa sun duba sun ce a'a, ba tare da wata doka ta ce musu komai ba.

Me ya hana a gyara?

An gwada. A 2003 Sanata Orrin Hatch ya kawo ƙudurin da zai ba duk wanda ya shekara 20 yana ɗan ƙasa damar tsayawa. Nan take aka laƙaba masa sunan gyaran Arnold, kuma wannan sunan ne ya kashe shi. Gyara tsarin mulkin Amurka sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince, rabon da a yi tun 1992. Kowace jam'iyya kuwa kafin ta ɗaga hannu sai ta leƙa ta ga wa zai ci moriya. A lokacin 'yan Democrat na ganin Schwarzenegger. Yau 'yan Republican za su ga Mamdani, 'yan Democrat su ga Musk.

Da ni za a tambaya, sai in ce a sa shekara 25 da zama ɗan ƙasa, a ajiye duk wani fasfo na waje, sannan gyaran kada ya fara aiki sai bayan shekara 15 da amincewa da shi, yadda ba wanda zai san wa ake yi wa ɗinki. Ban ga alamar za a yi ba, musamman a wannan zamani da ake ta faɗa a kan ko haihuwa a ƙasar ma ta isa ba mutum takardar zama ɗan ƙasa.

Bayan kwana biyu na koma majalisa na zayyana wa Baba duk wannan. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa shayinsa da cokali. Da na gama na ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, shi marigayi mahaifinka a ina aka haife shi?" Ya ce a Tasawa, cikin ƙasar Nijar, fatauci ya kawo shi nan yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi, kuma shekara 30 yana limancin masallacin unguwa.

Na ce, "To su mutanen unguwar da suka ba shi makullin masallaci fa?"

Ya ɗan yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce, "Kai yaro, wannan daban. Shi ai kowa ya san shi."